Agematsu da dokar "itace ɗaya, kai ɗaya": ita ce ta tsare dajin?

Abban_Walida
Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya na ci karo da bidiyon wani ƙaramin gari a Japan mai suna Agematsu, a jihar Nagano. Mutane ne sanye da fararen kaya suna sarar wata itaciya da gatari, ba zarto ba inji, itaciyar kuma ta kai shekara 300. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayanin da aka yi, cewa a zamanin da, duk wanda ya sari itace a yankin ba da izini ba, a bakin ransa. Har abin ya zama karin magana a bakinsu: itace ɗaya, kai ɗaya. Ga shi yau sama da kashi 90 cikin 100 na ƙasar garin daji ne. Ni ra'ayina daji ba ya tsira da lallashi. Tsoro ne ya tsare wannan dajin, ba komai ba. Ko akwai wanda ya san tarihin wurin ya ƙara mana haske?

Matashi_Aliyu
Wa alaikumus salam. Wallahi gaskiyarka Abban Walida. Dokar da ba ta da haƙori ai shawara ce.

Ɗan_Nagoya
Wa alaikumus salam. Sau biyu na je garin nan. A Nagoya nake zaune, sana'ata kayan gyaran mota, kuma daga nan tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa. Garin yana cikin kwarin Kiso, kogi a tsakiya, tsaunuka hagu da dama. Ta gabas akwai dutsen Kiso-Komagatake mai tsayin mita 2,956. Filin noma ɗan kaɗan ne, gidaje da titi da layin dogo duk sun matsu a gefen kogi. Kana sauka a tasha ƙamshin katako ne zai fara tararka, domin akwai wurin tara gumagumai a nan kusa.

Mutanen garin ba su da yawa. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 4,100 da ɗoriya. Dajin da ka gani sunansa Akasawa, yana yamma da gari, sai ka shiga bas ya hau da kai cikin tsauni.

Malama_Mai_Tarihi
Malam Abban Walida, karin maganar gaskiya ce, amma a haɗa ta da abin da ya haife ta. Tambayar farko ita ce, wa ya cinye dajin har aka buƙaci doka?

A 1590 Toyotomi Hideyoshi, mai riƙe da mulkin Japan a lokacin, ya mai da Kiso ƙarƙashin ikonsa kai tsaye saboda katakonta. Bayan 1600 Tokugawa Ieyasu, wanda mulki ya koma hannunsa, ya karɓe, a 1615 kuma ya ba ɗansa Yoshinao, mai sarautar Owari da ke zaune a Nagoya. Lokacin an fito daga dogon yaƙin basasa, gine-gine ake yi ba ji ba gani: fadoji, ganuwa, wuraren bauta, gadoji, ga birnin Edo, wato Tokyo ta yau, yana ta faɗaɗa. Fadar Nagoya kanta da katakon Kiso aka gina ta. Cikin shekara hamsin zuwa sittin an aske tsaunukan. Ba talakan Agematsu ne ya yi wannan ba. Sarakuna ne da manyan 'yan kasuwar da suka ba kwangila.

Da suka ga rijiyar na neman ƙafewa, sai a 1665 masarautar Owari ta rufe wasu dazuzzuka ƙirif, suna ce musu tomeyama. Akwai kuma suyama, inda shaho ke sheƙa, an hana shiga saboda sarakuna na farauta da shaho. Suka kafa ofishin katako a Agematsu ɗin nan, suka turo ma'aikata daga Nagoya. Sauran dajin, wanda ake kira akiyama, an bar wa talaka ya samu itacen girki da ciyawa. Sai a 1708 aka ce ko a can ɗin ma akwai itatuwa huɗu da ba a taɓawa: hinoki, sawara, asunaro da koyamaki. A 1728 aka ƙara nezuko, suka zama biyar. Su ne ake kira itatuwa biyar na Kiso har gobe.

Masarauta kuwa ba ta daina sara ba. Ragewa ta yi, ta riƙa zaɓe. Dokar ta tsare dukiyar sarki ne daga hannun talaka.

Abban_Walida
Malama na gode, na ƙaru ƙwarai. Amma ko don wa aka yi dokar, ai ta yi aiki. Itatuwan da ake gani yau ba a lokacin suka tsiro ba?

Malama_Mai_Tarihi
A lokacin suka tsiro, wannan ba musu. Shi ya sa yawancin manyan hinoki na Akasawa shekarunsu ɗaya, wajen 300 ko sama da haka kaɗan. Da aka kwashe manya, rana ta samu ƙasa, iri ya faɗi ya tsiro da kansa, aka kuma bar shi ya girma. Abin da nake ja shi ne kalmarka ta "ba komai ba".

Tsohon_Malamin_Daji
Ɗana Abban Walida, bari tsoho ya sa baki. Shekara 31 na yi ina aikin gandun daji kafin na yi ritaya. Abin da Malama ta faɗa na gan shi da idona a ƙaramin mataki. Na sha kama tsohuwa da dami ɗaya na kirare a kai, in karɓe gatarinta, tana kuka. A ranar nan kuma babbar mota za ta wuce ni cike da gumagumai, direba ya miƙo takarda mai hatimi, in sara masa. Har yau idan na tuna fuskokin matan nan ina neman gafarar Allah.

Tsoro yana aiki muddin mai gadi na tsaye. Ran da ya juya baya, sai a rama abin da aka daɗe ana haɗiyewa. Idan dajin Kiso ya kai shekara 300, to akwai abin da mutanen wurin ke samu da ya sa suka iya zama da dokar. A bincika wannan.

Malama_Mai_Tarihi
Baba, ka taɓo wurin. Da yake gona ba yawa, mutanen Kiso sun daɗe suna biyan haraji da tsagaggen katako maimakon shinkafa, masarauta kuma ta ba su shinkafa a madadinsa. Akwai kuma kason katako da aka yarje wa ƙauyuka su yi sana'a da shi. Daga nan sana'o'in kwarin suka samu gindin zama: masu matajin kai a Yabuhara, masu akushi da faranti masu shafen ƙaro a Hirasawa, masu saƙa malfa da siraran hinoki a kudancin kwarin. Ga kuma hanya. Agematsu zango ne a kan Nakasendo, babbar hanyar da ta haɗa Edo da Kyoto ta cikin tsaunuka. Zango 69 ke kanta, 11 a cikin kwarin Kiso, Agematsu shi ne na 38. Masauki, abinci, dako, dawaki, duk abinci ne ga mutanen gari.

Ummu_Sadik
Don Allah ku bar ni in tambaya, da gaske an riƙa sare kan mutane a kan itace? Jikina ya yi sanyi.

Malama_Mai_Tarihi
Ummu Sadik, hukuncin yakan kai ga kisa, amma akwai ɗauri da kora daga gari. Karin maganar tana nuna irin fargabar da mutane ke ciki ne. Ki duba, mutum ya buɗe ƙofa ya ga itaciya a bayan gidansa, rufinsa na yoyo, ba shi da ikon taɓa ta.

Sabo_Kafinta
Ni ta wajen katakon zan shigo, don nan na fi ganewa. Me ya sa hinoki ɗin nan ya kai a kashe mutum a kansa? Ɗan Nagoya, ka taɓa shi da hannu?

Ɗan_Nagoya
Na taɓa, Malam Sabo, har ina da allon yanka nama na hinoki a gida. Fari ne mai ɗan ja-ja, ba nauyi, yana da ƙamshi kamar an haɗa lemun tsami da turaren wuta. Ruwa ba ya saurin ruɓar da shi, shi ya sa suke yin bahon wanka da shi. Na Kiso ya fi tsada saboda sanyi da tsauni suna sa shi girma a hankali, sai zoben shekarunsa su matsu, jikinsa ya yi laushi ga abin fira. Kafintocinsu ba sa shafa masa fenti, firewa kawai suke yi har ya riƙa sheƙi. Akwai wurin bauta a Nara mai suna Horyuji, da hinoki aka gina shi, ya haura shekara 1,300 yana tsaye. Sawara kuma shi ake yi wa bokitin zuba dafaffiyar shinkafa, don ba shi da ƙamshi mai ƙarfi.

A Agematsu akwai makarantar koyon aikin katako ta gwamnatin jiha. Mutane na zuwa daga sassan Japan, har da waɗanda suka bar aikin ofis.

Sabo_Kafinta
Allahu Akbar. Shekara 1,300. Mu nan in ka yi wa mutum ƙofa ta yi shekara goma gara ba ta ci ba, sai ya riƙa sa maka albarka. To yaya suke fitar da irin waɗannan gumagumai daga tsauni lokacin da ba mota?

Bashir_Layin_Dogo
Malam Sabo, ka zo gidana. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, ni kuma karatun tarihin jiragen ƙasa shi ne abin da nake kwana a kai.

Da farko kogi ne motarsu. Ana sara da bazara, a gangaro da gumagumai ta kwazazzabai, idan kaka ta yi ruwa ya lafa sai a sake su ɗaya-ɗaya cikin kogin Kiso, mutane na bin su a gaɓa da dogayen sanduna masu ƙugiya. A wani wuri da ake kira Nishikori an gicciya ƙatuwar igiya a kogi, a nan ake tare su, a ɗaure su jeri-jeri, a tuƙa har Shirotori a Nagoya. Aiki ne na watanni, cikin ruwan sanyi.

Layin dogo ya iso Agematsu a 1910, a 1911 aka haɗe layin Chuo gaba ɗaya. A 1916 aka buɗe ƙaramin layin daji na Ogawa, wanda ya shiga har wajen Akasawa. Faɗinsa milimita 762 kacal. Kan jirgin da suka fara amfani da shi daga Amurka aka sayo, na kamfanin Baldwin. Sannan aka fara datse kogin don wutar lantarki, madatsar Oi ta kammala a 1924, hanyar ruwa ta mutu. Layukan daji suka bazu ɗaruruwan kilomita a kwarin, Agematsu ta zama matattara. Har yara 'yan makaranta na ƙauyukan cikin daji jirgin katako ke kai su. A 1975 aka rufe babban layi na ƙarshe, manyan motoci suka gaje shi.

Ɗan_Nagoya
Bashir, kan jirgin Baldwin ɗin yana nan a Akasawa, na gan shi. Akwai ma tarago na aski, da kujerar wanzami da madubi a ciki, yana bin sansanonin ma'aikata. Tun 1987 suka farfaɗo da ɗan guntun layi don baƙi, zuwa da dawowa kilomita 2.2. Shirotori da ka ambata kuma yanzu lambun shaƙatawa ne, ba nisa da inda nake. Yawancin masu zuwa ba su san tafkin ajiye katako ba ne a da.

Bashir_Layin_Dogo
Taragon aski! Ɗan Nagoya don girman Allah in kana da hoto ka turo mini ta akwati.

Abban_Walida
Jama'a mun tafi jirgin ƙasa mun bar maganar. Baba Malamin Daji, na ji maganarka, kuma ta shige ni. Amma har yanzu ina ganin da ba a sa takobi a 1665 ba, da shinkafa da mataji ba su hana kowa sara ba. Ɗan Adam sai da sanda.

'Yar_Damagaram
Yaya Abban Walida, ba sai an je Japan ba. Mun taso muna jin manya na cewa sarakunan Damagaram sun hana saran gawo, hukuncin kuma mai tsanani ne. Amma gawo yana zubar da ganye da damina, hatsi na yin kyau a ƙarƙashinsa, dabbobi na cin 'ya'yansa da rani. Manomi na da dalilinsa na barin sa ko sarki bai yi magana ba. Daga baya da doka ta ce itace na gwamnati ne ko a gonarka yake, mutane suka riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami don kada ya jawo musu tara. Sai a shekarun 1980, aka fara sassaben zamani, wato barin tsiron itace ya girma a gona, a jihar Maraɗi ta Nijar, manoma suka ga itacen nasu ne, gonaki suka sake yin duhu. Doka ɗaya ta raya, wata ta kashe.

Malama_Mai_Tarihi
'Yar'uwa, abin da kika faɗa ya faru a Kiso kusan sak. Bayan juyin Meiji na 1868 aka rushe masarautu, mutanen kwarin suka ɗauka wuya ta ƙare, za a sakar musu daji. Sai sabuwar gwamnati ta mai da mafi yawansa nata, har da wuraren da a da talaka ke shiga ya yi itace. A 1889 aka mai da shi dajin gidan sarautar Japan. Shugabannin ƙauyuka suka yi shekaru suna kai koke, ana kama mutane da laifin satar itace a inda kakanninsu ke shiga ba fargaba. Ba a mayar musu da dajin ba. Abin da suka samu shi ne kyautar yen 10,000 duk shekara daga 1905, na tsawon shekara 24. A 1947 ya koma dajin gwamnatin ƙasa, haka yake har yau. Mutanen Agematsu suna zaune a tsakiyar daji, amma yawancinsa ba nasu ba ne.

Matashi_Aliyu
To ni yanzu na rikice. Dajin ya tsira, mutanen sun sha wuya. Wa ya ci riba?

Tsohon_Malamin_Daji
Aliyu, riƙe tambayar nan da kyau, ita ce ba a yi mana a makarantar horo ba. Mu hekta aka koya mana ƙirgawa.

Ummu_Sadik
Ɗan Nagoya, mu koma bidiyon. Su wane ne masu fararen kayan, kuma me ya sa gatari?

Ɗan_Nagoya
Hajiya, wannan na wurin bautar Ise ne, mafi girma a addinin Shinto, a jihar Mie. Duk shekara 20 suna sake gina shi sabo fil a filin da ke gefensa, al'adar ta faro tun shekarar 690. Na ƙarshe a 2013 aka yi, na gaba 2033. Shiri yana ɗaukar shekara takwas, kuma da bikin sara ake fara aikin katako. Wanda Abban Walida ya gani, in sabo ne, na ranar 3 ga Yunin 2025 ne, a dajin Agematsu. Kafin shi an yi a 2005.

Salon saran sunansa mitsuhimo-giri. Ana huda gindin ta fuska uku da gatari har ramukan su haɗu a tsakiya, itaciyar ta tsaya a kan ƙafa uku kamar murhu. Sai a sare ƙafa ɗaya, ta faɗi daidai inda ake so, kuma gindin bai tsage ba. Bayan ta faɗi sukan ɗauki kan reshenta su soka a kututturen. Daga nan mutanen gari su ja gungumen da igiya cikin gari ana waƙa.

Abu_Hafsa
'Yan'uwa a yi hattara, wannan bautar wanin Allah ce, kada mu riƙa yabawa.

Mai_Kula_da_Zaure
Malam Abu Hafsa, Allah ya saka da alheri da tunatarwa. Ba wanda ya yabi aƙida a nan, tarihin gari ake yi, kuma ba a fahimtar garin ba tare da wannan ba. A ci gaba.

Sabo_Kafinta
Ni abin da na hango a ciki na sana'a ne. Shekara 20 daidai take da tazarar maigida da yaronsa. Yaron da ya riƙe igiya a 2005 shi ne mai gatari a 2025, a 2045 kuma shi zai tsaya yana nuna wa wani. Maigidana da ya koya mini aiki ya iya haɗa ƙofa ba ƙusa ko ɗaya. Ban koya ba, domin ba wanda ya taɓa kawo mana irin aikin a shekarun da na yi a hannunsa. Ya rasu da abinsa, Allah ya jiƙansa. Kuma mutanen da suka san za a zo neman itaciya mai shekara 300 bayan shekara 20, dole su bar wata a tsaye. Abban Walida, ka sa wannan ma a ma'auninka.

Malama_Mai_Tarihi
Amin. Ƙari a kan na Malam Sabo: ginin yana cin gumagumai wajen 10,000 duk zagaye, manyan itatuwan Kiso kuma raguwa suke. Shi ya sa tun 1923 masu kula da Ise suka fara dashen nasu da shirin shekara 200. A 2013 aka samu wani kaso daga can, karo na farko cikin kusan shekara 700.

Abban_Walida
Shirin shekara 200. Wanda ya dasa ya san ko jikansa ba zai gani ba. To na yarda akwai abin da ya wuce tsoro. Amma ku ma ku yarda da takobi aka fara.

Hadiza_Nas
Ni sunan Akasawa a wajen aiki na fara jin sa. Abin da suke kira shinrin-yoku, wato wankan daji, hukumar gandun dajin Japan ce ta ƙirƙiro kalmar a 1982, kuma a Akasawa aka yi taron farko a shekarar. Ba wanka da ruwa ba ne, tafiya ce a hankali cikin itatuwa, kana shaƙar iska. Yana kwantar da hankali, wannan kowa ya sani ko a gindin darbejiya. Sai dai ina roƙon masu hawan jini da suga, kada wani ya ga bidiyo ya ajiye maganinsa.

Ɗan_Nagoya
Haka ne Anti Hadiza. Tun 1969 aka ware Akasawa a matsayin dajin hutawa, yana cikin na farko a ƙasar. An shimfiɗa hanyoyin katako, har mai keken guragu na iya bi. Na yi sallar azahar a gefen rafi a can, ruwan garau kana ganin tsakuwa, sanyi kamar ƙanƙara a watan Agusta. Ban taɓa jin shiru irin na wurin ba.

Amma in faɗa muku abin da bidiyo ba ya nunawa. Garin yana tsufa. A shekarun 1960 mutanensa sun kai 10,000, yau ba su kai rabi ba. Ka bi babban titi da yamma, shaguna da yawa a rufe, waɗanda za ka gamu da su yawanci tsofaffi ne. Tsohon zangon ma kaɗan ya rage, gobarar 1950 ta cinye yawancin garin, sai wata unguwa guda da ke da gidajen da. Mai son ganin zango yadda yake sai ya je Tsumago ko Narai.

Matashi_Aliyu
Ga daji ga kuɗi, me ya kori mutane?

Injiniya_Kabiru
Aliyu, kasuwa ce. Bayan yaƙin duniya na biyu Japan ta buƙaci katako don sake gina birane, aka sara da yawa, aka dasa sugi da hinoki ko'ina. A 1959 mahaukaciyar guguwar Isewan ta kayar da itatuwa masu yawa a Kiso, aikin kwashe su ya tara ma'aikata. Sai a 1964 aka buɗe ƙofa ga katakon waje gaba ɗaya, mai araha. Farashin na gida ya kai ƙololuwa a 1980, daga nan ya yi ta gangara. Zuwa 2002 abin da Japan ke samarwa da kanta bai kai kashi 19 cikin 100 na buƙatarta ba, alhali kashi biyu cikin uku na ƙasar daji ne. Sara a kan tsauni tsada gare shi, inji ya rage hannu, matasa suka tafi Nagoya da Tokyo. Yanzu ya farfaɗo zuwa wajen kashi 40, kuma tun 2024 ana karɓar yen 1,000 a shekara daga masu biyan haraji don kula da dazuzzuka.

Wato matsalarsu a yau ta juye. Dashen da ba a rage masa cunkoso ba yakan yi duhu, ƙasa ta zama tsirara, ruwan sama ya wanke ta. Ga ƙurar furen sugi da hinoki da ke sa miliyoyin mutane atishawa duk bazara.

Tsohon_Malamin_Daji
Injiniya ka faɗi gaskiya. Daji ma kamar gona yake, yana son hannu. Ɗan Nagoya, a ƙarƙashin manyan hinokin nan, ka ga 'ya'yansu na tasowa?

Ɗan_Nagoya
Baba, kamar ka je wurin. A wurare da yawa ba hinoki ne ke tasowa ba, asunaro ne, don shi yana jure inuwa, ɗan hinoki kuwa sai da haske. Ma'aikatan dajin na gwaje-gwajen rage asunaro a wasu sassa don hinoki ya samu tsira.

Tsohon_Malamin_Daji
Ka ji ko, ɗana Abban Walida. In an ce kada a taɓa ko reshe har abada, nan da wasu ɗaruruwan shekaru dajin na nan, amma ba na hinoki ba.

Ummu_Sadik
Ni dai har yanzu tunanin matan wancan zamanin nake. Sanyi da dusar ƙanƙara, ga yara, ga itace a ƙofar gida an ce kai ne fansarsa. Me suke ci ma a irin wannan wuri?

Ɗan_Nagoya
Hajiya, abincinsu na nuna halin da suka zauna. Gishiri daga teku yake zuwa, da nisa, don haka suna da wani tsimin ganyen tunif ja mai suna sunki, wanda ake yi ba gishiri ko ƙwaya, tsami kawai yake yi kamar nono. Akwai taliyar soba. A watan Yuni kuma suna yin hoba-maki, curin garin shinkafa da jan wake mai zaƙi a ciki, a naɗe da ɗanyen ganye a turara, kamar yadda ake naɗe alala. Shi na ci hankali kwance. Romon soba ne sai ka tambaya, don sukan zuba mirin, kuma akwai giya a cikinsa.

Matashi_Aliyu
Na bincika yanzu, ashe ɗan kokawar sumo Mitakeumi ɗan garin ne, mahaifiyarsa 'yar Filifin. Sau uku yana cin babbar gasa, a 2022 ya kai ozeki, muƙami na biyu mafi girma a sumo.

Bashir_Layin_Dogo
Ɗan Nagoya, wai ana hango duwatsun Nezame-no-toko daga tagar jirgi?

Ɗan_Nagoya
Ana hangowa, in ka taso daga Nagoya ka zauna ta hagu, dab da isa Agematsu. Manyan fararen duwatsu ne da ruwa ya yanka kamar an jera akwatuna, ruwan kore shar a tsakaninsu. Suna da tatsuniyar wani masunci da ya je fadar ƙarƙashin teku, ya dawo ya tarar ɗaruruwan shekaru sun wuce, wai a kan duwatsun nan ya buɗe akwatin da aka hana shi buɗewa, nan take ya tsufa. Da ruwa ya fi haka yawa, madatsun lantarki ne suka janye shi.

Abban_Walida
Na karanta duka tun daga sama. Malama, tambaya ɗaya ta rage mini. Da a ce a 1665 masarautar ta rage nata saran kawai, ba ta taɓa talaka ba, kina ganin dajin zai dawo?

Malama_Mai_Tarihi
A ganina mafi yawansa zai dawo, domin gatarin masarauta da na 'yan kwangila ne ya yi ɓarnar. Amma 'yan kasuwa na iya bi ta hannun talaka su saya a ɓoye, kuma wannan na cikin abin da dokar 1708 ta toshe. A nan ina ba ka rabin gaskiya.

'Yar_Damagaram
Ni ban ba shi rabi ba, Malama. Wanda ya ci tuwon shi ya kamata ya wanke tukunya.

Sabo_Kafinta
Ɗan Nagoya, in Allah ya kawo ka gida da sallah, ko ɗan guntun da bai wuce tafin hannu ba ka riƙo mini. Ina so in sa masa abin fira in ji da hannuna. Wane lokaci kake komawa can?

Ɗan_Nagoya
In sha Allahu Malam Sabo. Akasawa a rufe yake da hunturu, daga farkon Nuwamba sai ƙarshen Afrilu suke buɗewa, amma shagunan cikin gari na sayar da guntaye. Zan haɗo maka da na sawara ka gwada su biyun.